Ranar da Injin Baba Peniasi Ya Sha Mai

Ja na bakwai ke nan igiyar tayar da injin jirgin ruwan ta ƙwace daga hannuna. Injin ya yi tari sau ɗaya ya yi gum, warin fetur ya cika jirgin.

"Kin shaƙe shi, Vilimaina," in ji Baba Peniasi daga inda yake kwance a kan tabarma a ƙasan jirgin. "Tun daga nan na ji warin."

Maƙwabcina ne shekara ashirin, kuma shekara ashirin muna faɗa a kan kajinsa da ke tone mini gwaza. Da safen nan ya faɗi a gindin kwakwa yana riƙe da ƙirji. Mazan ƙauyen duk sun tafi taron coci a wani tsibiri, sun kwashe jiragen kirki, aka bar mu da wannan tsohon injin da ba ya jin maganar kowa sai mai shi. Ni da matarsa, Inna Asenaca, muka kinkimo shi zuwa bakin ruwa. Asibiti na can babban tsibiri, tafiyar awa biyu, kuma sai an bi ta wata 'yar kafa tsakanin duwatsun murjani. In ruwa ya janye, kafar ta rufe sai yamma. Ga ruwan kuwa yana janyewa a gaban idona.

Shaƙewar injin laifina ne, ba zan ɓoye ba. Tsoro ya sa na dinga matsa robar mai kamar mai tatsar saniya, na ja cok, abin da ke ƙara wa injin mai, na bar shi a jaye.

"Mayar da cok," ya ce. "Zare tiyon mai. Sifana na cikin gwangwanin biskit, ki kwance fulogi."

"Baba, ka daina magana," in ji Inna Asenaca.

"In na daina, ke za ki tayar da shi?"

Sau biyu sifanar ta suɓuce mini. Fulogin biyu suka fito jiƙe sharkaf, baƙi ƙirin. Na goge su da bakin zanina, na hura, na ja igiya sau biyar ba fulogi yadda ya ce, don man da ya taru ya fita.

"Yanzu ki shanya su a rana, ki zauna."

"In zauna? Baba, dubi ruwa!"

"Ki zauna, na ce. Ke komai da garaje, shi ya sa kajina suka raina ki."

Ya so ya yi dariya, abin ya ƙare a tari. Leɓensa ya koma launin toka. Na zauna ina kallon kan wani dutse da ɗazu babu shi, yanzu ya leƙo kamar bayan kunkuru. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zaman ba. Inna Asenaca na ta addu'a ƙasa-ƙasa tana yi masa fifita da ganyen kwakwa.

Da ya ɗaga yatsa na mayar da fulogin, na buɗe totur har ƙarshe, na ja. Shiru. Na sake ja. A na uku injin ya yi gurnani, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe mu, na yi maza na cusa tiyon.

"Kada ki bari ya mutu," ya ce, da ƙyar nake jin sa. "In ya yi zafi ya mutu, ko ni sai na roƙe shi."

Muka kutsa kafar, ƙasan jirgin na gogar dutse ƙarrr, har sau biyu na ɗauka mun maƙale. Sai ga mu a buɗaɗɗen teku, igiyar ruwa na ɗaga mu tana ajiyewa. A wajen nan ruwa yana da ƙarfin jan jirgi. Jirgin da injinsa ya mutu, ruwan ke jan sa yamma da mutanen ciki, inda babu tudu, kuma mun san gidaje biyu a ƙauyenmu da har yau ba su ga nasu ba.

Mun yi kamar rabin awa sai Inna Asenaca ta juyo.

"Vilimaina, kashe injin."

"Inna?"

"Ba na jin numfashinsa. Ƙarar ta yi yawa. Kashe shi minti ɗaya kawai in saurara."

Na dubi maɓallin kashewa, yana nan dab da babban yatsana. Na dubi baya, tsibirinmu ya zama ɗan layi kore. Gaba kuma ba komai sai ruwa.

"Ba zan iya ba, Inna."

"Don Allah, 'yata. Mijina ne."

"Ki yafe mini. In na kashe, ba mai tayar mana."

Ina kuka na faɗa, amma hannuna bai bar totur ba. Na dai rage gudu iyakar yadda zan iya ba tare da injin ya fara tari ba.

Ba ta sake roƙona ba. Ta durƙusa cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgin, ta ɗora kunnenta a kan ƙirjinsa, ta toshe ɗaya kunnen da tafin hannu. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago ba ta dube ni ba. Ta rufe masa idanu, ta miƙe masa ƙafafu, ta haɗa hannayensa, ta juya ta zauna ta gefen da ruwa ke fallatsowa, yana sauka a bayanta.