Dattijo a Benci

Maigidana Abdulgafaru bai taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta cikin firij ba, amma in ya fara maganar hokin da ake bugawa a kan ƙanƙara, sai ka rantse a can aka haife shi. Shagon gyaran waya gare shi a unguwar Nyohini a Tamale. Tsakanin wayar da ta faɗa ruwa da wadda fuskarta ta fashe, can yake sunkuye a kan tasa, yana tsara ƙungiya.

Gasar a intanet take. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban, kowa da ƙungiyarsa ta 'yan wasan da babu su a duniya, kwamfuta ce ta ƙirƙiro su da sunayensu da shekarunsu. Kai dai ka zaɓi wanda zai shiga fili da wanda zai zauna a benci, kwamfuta ta buga wasan, bayan la'asar sakamako ya fito. A kan wannan abin ne tuwona yake hucewa shekara da shekaru.

Ƙungiyarsa, Zakunan Nyohini, ba ta taɓa cin kofi ba. Amma yana da abin da ya fi masa kofi. Shi ne mai sharhin gasar. Duk wasa mai muhimmanci, shi ke rubuta bayani a shafinsu, Turawan nan su karanta su yi ta yabo, har suka sa masa suna Farfesan Tamale. Ni malamar Turanci ce a wata makaranta a Nyanshegu, don haka kafin ya tura kowane sharhi sai ya miƙo mini na gyara. Da haka na san hoki ba da son raina ba.

Daura da shagonsa akwai wani Badagombe mai gyaran babur, Wumpini, wanda maigidana ya girme wa da kusan shekara goma. Kullum da safe kafin ya taɓa sifana sai ya tsallako titi, ya durƙusa a bakin shago yadda suke yi wa manya, ya ce, "Dasiba, Yaya," wato ina kwana da Dagbanci. Maigidana ya amsa da "Naa", su yi ta naa, naa har gaisuwar ta ƙare, sannan su sha koko tare a kan benci. Baban Samiha, haka nake kiran maigidan nawa, yana son wannan gaisuwa fiye da yadda zai yarda ya faɗa. Ina lura da yadda yake gyara zama in ya hango shi tafe.

Shi da kansa ya sa Wumpini a gasar. Shi ya buɗe masa suna, ya nuna masa inda ake latsawa. Da Wumpini ya sa wa ƙungiyarsa suna Zabin Gbalahi, saboda zabin da babansa ke kiwo a ƙauye, maigidana ya yi dariya har da hawaye.

A kakar wasa ta biyu da shigarsa aka fitar da Zakuna tun da wuri, Zabi kuwa suka kai wasan ƙarshe.

"Sa'a ce," in ji maigidana. Washegari ma sa'a ce. Ya kwana biyu yana ce min sa'a ce alhali ban tambaye shi ba. Abin da ya ƙarasa shi wani sabon shiga ne da ya rubuta masa a shafin, cikin ladabi, wai ko shi ne abokin Wumpini ɗin nan na Ghana? Ranar ko miyar kuka da ya fi so bai taɓa ba.

"Ni? Ni ne abokin Wumpini?" ya ce. "Mutumin da bai san inda ake shiga ba sai da na riƙe masa yatsa?"

Na ce, "Baban Samiha, kishi kake yi."

"Kishin me? Zabi?"

Kishi ne, baƙi ƙirin. Na san shi kamar yadda na san tukwanena.

Ana cikin haka Wumpini ya zo gida wata Asabar da doya daga gonar babansa. Suka zauna a tabarma a tsakar gida, ina tsintar wake ina jin su. Akwai wani ɗan baya a ƙungiyar Zabi, tsoho ne a lissafin kwamfuta, gudunsa ya ƙare. Wumpini ya sa masa suna Kpema, wato dattijo da Dagbanci. Maigidana ya tambaye shi me ya sa har yanzu yake sa wannan tsoho a gefen hagu.

Wumpini ya yi dariyar jin kunya. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa.

"Yaya, shi ne na fara samu a tim ɗin. Lokacin da ba ni da kowa, shi ya riƙe ni. Yanzu in ce masa tashi, yaro ya zauna a wurinka? Kai! Hannu na ba ya iya danna wannan. Ko Madam ya ji, zai ce ba ni da tarbiyya."

"Mutumin da babu shi a duniya?"

"Na sani. Amma babba babba ne."

Na yi murmushi a kan wakena, don maganar ta shiga raina. Maigidana kuwa ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ba na so.

Wasan ƙarshe ba ɗaya ba ne. Ana iya kai wa bakwai, wanda ya riga cin huɗu ya ɗauki kofi. Abokin karawar Wumpini wani mutumin Finland ne mai suna Jarko, wanda ya ci kofin sau da yawa. Zabi suka ci uku, Jarko ya ci ɗaya. Saura wasa guda Wumpini ya gama. Masu yelo-yelo, wato babur mai ƙafa uku, da ke kawo masa gyara, waɗanda ba su san ko da ƙafa ake buga abin ko da sanda ba, har sun fara kiransa Champiyon.

Ranar maigidana ya miƙo mini sharhinsa. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya yi bayanin yadda golan Zabi ke tare ƙwallo, da yadda Jarko ke ɓarnar damar da yake samu in an kori ɗan wasan Zabi na ɗan lokaci. Sai na iso sakin layi na ƙarshe. Ya rubuta cewa duk ƙofar Zabi tana gefen hagu, inda tsohon nan yake, kuma kada kowa ya yi tsammanin za a sauya shi, domin mai ƙungiyar ya fito daga mutanen da ba sa iya tayar da babba daga kujerarsa, ko da gidan zai rushe.

Na ajiye wayar.

"Wannan ba daga kwamfuta ka samo ba," na ce. "A tabarmata ka samo shi. Doyarsa ma ba mu gama ci ba."

"Sharhi ne, Rakiyatu. Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Amma wa ka rubuta wa?"

Ya ce ya rubuta wa masu karatu. Na ce to wannan sakin layin ba zan taɓa ko waƙafi a cikinsa ba. Haka ya tura shi da kurakuransa.

Jarko ya iya karatu. Wasa na biyar ya tattara duk masu gudunsa ya zuba a gefen hagu, suka yi ta wuce Kpema kamar an kafa turke. Wasa na shida ma haka. Aka koma uku da uku. Maigidana ya dawo da cin abincinsa, har da neman ƙari, yana fito yana wanke hannu. Ni kuwa haushi ya cika ni har ban iya kallonsa.

Safiyar wasa na bakwai Asabar ce. Wumpini ya yi sallama, ya shigo, ya durƙusa kamar kullum. Suka yi naa, naa. Amma da gaisuwar ta ƙare bai tashi ba.

"Yaya, na karanta," ya ce. "Abin da na gaya maka a tabarma nan, shi ka kai wa Bature."

Maigidana ya gyara murya, ya hau kujerar farfesa.

"Wumpini, lissafi bai san girma ba. Ba a cin kofi da kunya. Tsoho in ya gaji, sai a ajiye shi a benci, mai ƙarfi ya shiga."

"Ko shi ne ya kawo ka?"

"Ko shi ne."

"Ko shi ne ya nuna maka hanya?"

"Ko shi ne mana! Me ka ɗauki abin, gidan biki?"

Ya faɗi haka da ƙarfinsa ne domin ya tabbata Wumpini ba zai iya ba. Na gani a fuskarsa. Can Wumpini ya ce, "Naa," a hankali, ya miƙe, ya yi mini sallama ya fita.

Bayan la'asar sakamako ya fito. Kpema na benci. A wurinsa wani matashi ne mai gudu kamar an koro shi, wanda Wumpini ya ajiye tun farkon kaka bai taɓa sa shi ba. Jarko ya sake tara mutanensa a gefen hagu yana neman tsoho, sai ya tarar da bango, bayansa kuma a buɗe. Zabi suka ci kofi.

Shafin ya cika da surutu. Wasu har suka ce mutanen Tamale biyu ne suka haɗa baki suka ɗana wa Jarko tarko, suka yi ta jinjina wa Farfesa. Maigidana ya karanta mini wannan sau uku, yana jira Wumpini ya rubuta ko kalma ɗaya a ƙasa. Wumpini ya gode wa Jarko, ya gode wa masu gasar. Bai ambaci kowa ba bayan su.

"Gajiya ce," in ji maigidana. "Zai zo Litinin."

Litinin na bi shi shago, don a nan nake tsayawa in hau yelo-yelo zuwa makaranta. Ya share bakin shagon, abin da ba ya yi. Ya fito da benci, ya sayi koko kofi biyu da ƙosai mai zafi. Har ya shirya abin da zai ce, na ji yana gwadawa a hanya: ɗan barka, ɗan wasa, da ɗan tunatarwa cewa shawararsa ce ta ci kofin. Duk haushin da nake ji, sai da ya ba ni tausayi.

Wumpini ya iso a kan babur ɗinsa, ya kafe shi a ƙofar garejinsa. Ya cire hular kwano ya rataye. Maigidana ya gyara zama a kan bencin, ya matsa ya bar masa wuri.

Wumpini ya juyo. Ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. Daga can tsallaken titi, yana tsaye, ya ɗaga hannu ɗaya.

"Cale, Gafaru! Yaya aiki?"

Haka samarin gareji ke kiran junansu. Bai jira amsa ba, ya sunkuya ya ɗauki sifana.

Maigidana ya riga ya buɗe baki, kuma kalmar ta riga ta fito, a hankali, babu wanda ya ji sai ni.

"Naa," ya ce.

Yelo-yelo ya tsaya, na hau. Da na waiwaya, yana nan zaune a gefe ɗaya na bencin, kofi biyu a gabansa.