Fuskar Yahuza a Ƙumbar Teku

A duk Baitalami babu wanda ya kai Saliba iya sassaƙa ƙumbar teku, ɓawon nan mai ƙyalli da ake ado da shi, kuma babu wanda ya kai shi riƙo. Maganar da wani zai manta kafin gahawarsa ta huce, shi sai ya ajiye ta har ta yi tsatsa.

Abin ya samo asali ne a wajen wani biki. Anton mai gidan gurasa, yayan matarsa Nijma, ya ɗauki wani ɗan rago da Saliba ya sassaƙa, ya juya shi, ya ce, "Kai Saliba, wannan rago ne ko kare? Hannun nan fa ya fara rawa." Aka yi dariya aka watse. Saliba ma ya yi dariyar, amma a haƙori ta tsaya.

A lokacin cocin unguwarsu ta ba shi aikin babban allo na Jibin Ƙarshe, Almasihu da manzanninsa a kan tebur. Ya yi wata da watanni yana yanka ƙumba da zarto, yana gogewa da magagari, farar ƙura ta cika masa gemu. Da ya zo kan Yahuza, wanda ya ci amanar Almasihu, sai ya ba shi karyayyen hancin Anton, da kumatunsa, har da tabon da ya raba masa girar hagu. Ya zaɓi baƙar ƙumba, a tunaninsa fuskar za ta ɓace a lungu, shi kaɗai zai riƙa kallo yana jin sanyi a ransa. A shagonsa mai duhu kuwa haka ta yi.

Ranar da za a kai allon, Anton ne ya zo da motar gurasarsa. Shi ya kama gefe ɗaya, allon na nannaɗe a bargo, yana ta faɗa wa masu taimako, "A hankali, aikin surukina ne, ba buhun fulawa ba."

Mutumin da ya tsufa a sana'ar ya manta abin da ya fi kowa sani: ƙumba da haske take magana. Da limamin cocin, Abuna Ilyas, ya yaye bargon bayan sujadar Lahadi, rana ta shigo ta babbar taga. Fararen fuskoki suka yi fari kawai. Baƙar ƙumbar ita ce ta kama wuta, kore da shuɗi da ja, duk idon da ya ɗago a kanta yake sauka.

Wata tsohuwa ta yi gyaran murya. Wani ya toshe baki da hularsa. Kawuna suka fara juyawa daga allon zuwa Anton, daga Anton zuwa allon. Saliba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Nijma ta matso kusa da shi, ba ta ɗaga murya ba. "Har tabon ka sa? Ka manta inda ya samo shi?"

Bai manta ba. Shekarar da ruwan sama ya rusa rufin shagonsa, Anton ne ya kutsa ya jawo shi, katako ya faɗo wa Anton a goshi. Duk watannin da Saliba ya yi yana gyara tabon nan da bakin magagari, ko sau ɗaya ranar ba ta zo masa a rai ba. Wannan ya fi komai ba shi kunya.

Anton ya taka har gaban allon, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ga jama'a. "Ni ne na ce hannunsa na rawa ko? To, na janye. Ko uwata ba za ta zana ni haka ba."

Aka yi 'yar dariyar neman mafita. Anton bai yi ba.

A farfajiya Saliba ya tare shi, ya kasa haɗa ido da shi. "Yaya Anton, gobe zan zo da wuƙa in ɓamɓare ta. In sake wata."

"Ka ɓamɓare, na kusa da ita su tsattsage? Ai kai ka koya mini haka. Wa ke zaune kusa da ni a teburin?"

Saliba ya tuno allon. Hannun Almasihu ne a jikin kafaɗar Yahuza, ƙumba ɗaya ta haɗa su.

"Bar shi," in ji Anton, yana cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "A nan aka yi mini baftisma, a nan zan ci gaba da zama. Sai dai jikokina za su girma, za su tambayi abin da kakansu ya yi har aka mai da shi Yahuza. Ni ban sani ba. Zan turo maka su."