Ruwan da Dutse Ya Sha

Har yau in na ɗaga kai na hangi ganuwar nan a kan tsauni, zuciyata tafasa take yi. Baƙi su zo su saki baki, wai dutse kan dutse babu laka, ga ƙofa siririya sai mutum ya karkace ya shige. Ba wanda ya taɓa tambaya da me aka fasa duwatsun.

Da ruwa aka fasa su. A hura wuta a kan falalen dutse har ya ɗauki zafi, a sheƙa masa ruwa, ya tsage falle-falle. Sana'ar mijina Gwatidzo ke nan.

Shekarar da sama ta ƙi zubarwa, a ita Mambo, sarkinmu, ya ga ganuwarsa ta yi masa gajarta. Wa zai kawo masa yaƙi? Maƙwabtan da yunwa ta hana miƙewa? Idon ruwa ɗaya ya rage a kwari, yana ɗiga kamar hancin mai mura, aka ce tulun farko na kowace mace na gini ne.

'Yata Nyeredzi na kwance, zawo ya tsotse ta, leɓɓanta duk sun tsage. Tun safe nake tsugune a bakin idon ruwan da ƙoƙo, sai da rana ta karkata na cika tulu. Na zagaya ta bayan rumbuna, dogarin Mambo ya tare ni, ya tasa ƙeyata har mafasar dutse.

Gwatidzo ne a bakin wutar.

Na ce, "Baban Nyeredzi, ka san ruwan nan na waye."

Ya ƙi kallona. Ya ce, "Dutsen ya yi zafi, Svodai. In ya huce, kaina za a nema."

"Rage ko ƙoƙo ɗaya."

Ya saci kallon dogarin, ya juye tulun duka. Tururi ya tashi, dutsen ya tsage tsaf, har magina suna yabawa.

Na koma kwari na tarar da mata jingim. Kafin in haɗa rabin tulu, Nyeredzi ta mutu.

Da aka binne ta, kowa ya kawo dutse a rufe kabarin saboda kuraye, yadda aka saba. Sai ga Gwatidzo da nasa a kafaɗa, sassaƙaƙƙe, irin na saman ganuwa, yana hawaye. Hawayen ma haushi suka ƙara mini.

Na sha gabansa. Na ce, "Mayar wa Mambo kayansa. Wannan ya riga ya shanye ruwanta, ba zai kuma danne ta ba."