Mai Jego da Likitar Cikin Waya

"Ko bakin ƙofar gida ba za ta taka ba, Anwaru. Mai jegon kwana tara ce. A ina ka taɓa ganin an yi haka?"

"Na ji, Gwaggo. Ai shi ya sa na ce tunda ba za ta je wurin likita ba, likita ta zo wurinta. Ga ta nan a waya, yanzu za ta ɗauka."

"Likitar da ba ta da hannu."

"Tana da ido da kunne dai, Gwaggo."

Na'ima tana kwance a gefen gado tana jin su, idonta a rufe, domin hasken la'asar da ke shigowa ta taga ji take kamar allura ake soka mata. Mijinta Anwar yana tsaye a bayan labule. Tun ranar da Gwaggo Kyauta, ƙanwar mahaifinta, ta iso Barkin Sale daga Kagara don yi mata wankan jego, ta kore shi zuwa falo, ta ce shi da ɗakin nan sai bayan arba'in. Ƙafafunsa kaɗai Na'ima take gani ta ƙasan labule safe da yamma, kuma ko su ɗin idan ta gani sai zuciyarta ta yi sanyi. Yau ƙafafun sun kasa tsayawa wuri guda.

Kwana biyu ke nan kanta yana ciwo, tun daren suna. Ba irin ciwon kan da ta sani ba ne. Wannan daga ƙeya yake tasowa ya ɗaure goshi, ta sha farasitamol har sau huɗu bai ko motsa ba. Da safe ta ɗauki jaririyarta za ta ba ta nono, sai ta ga wasu ƙananan tartsatsi suna yawo a kan fuskar yarinyar. Ta murje ido, suna nan. Ga wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama da ke hana ta jan numfashi sosai. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta yaya za ta faɗa, bayan ranar suna Gwaggo ta tsaya a tsakiyar mata tana alfahari cewa 'yarsu ko uhm ba ta ce ba a wurin haihuwa? Ciwon kan ma ba don Anwar ya ji tana nishi ta bayan bango ba, da bai sani ba.

Shi kuwa Anwar, mai gyaran waya ne, ya yarda da waya kamar yadda ya yarda da hannunsa. A rana ta huɗu ƙuraje sun feso wa jaririyar a wuya, ya kira likita ta manhaja, aka duba ta bidiyo, aka ce zafi ne, a rage mata lulluɓi. Kwana biyu suka baje. Tun daga nan ya ɗauka ya samo hanyar da za ta raba shi rigima da surukarsa: Na'ima ba ta fita ba, kuma likita ta gan ta. Yau ma abin da yake jira ke nan, a faɗi sunan magani ya ruga kemis ya sayo.

Ya miƙo wayar ta gefen labule, Gwaggo ta karɓa da yatsu biyu. Fuskar wata mata mai tabarau ta bayyana.

"Sannunku. Ni ce Likita Goodness, ni na duba bebi kwanaki. Yau waye ba lafiya?"

"Lafiya lau muke," in ji Gwaggo. "Ɗan ciwon kai ne na masu jego, mijin ne ya ɗaga hankalinsa. Kin san yaran yanzu."

"To Mama, juya min waya in gan ta. Na'ima, yaya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Na'ima.

"Kina ganin jiri, ko wani abu a idonki?"

"Ba ta ganin komai," Gwaggo ta amsa.

"Mama, don Allah a bari ta amsa da bakinta."

Na'ima ta buɗe ido da ƙyar. Tartsatsin nan suna rawa a kan gilashin wayar. Ta dubi Gwaggo, ta ga yadda ta kafe ta da ido, sai ta ji bakinta ya ce, "Babu."

Likitar ta ƙura mata ido. Can ta ce, "Ranar da na duba bebi kin riƙe ta, na ga fuskarki. Ba haka take ba. Ta kumbura."

Gwaggo ta yi dariyar jin daɗi, har da gyara zama. "Kin gani ko? Ke ma kin shaida. Ƙibar jego ce. Kunun kanwa safe da yamma, ga gasasshen nama, ga ruwan zafi. Da na zo kamar sillen kara take, dubi kumatu yanzu. Zoben hannunta ma ya ƙi fita."

"Zoben ya ƙi fita," likitar ta maimaita a hankali. Muryarta ta canza, kuma canjin ya fi ciwon kan tsorata Na'ima. "Ina mijinta? Ya shigo ya riƙe waya."

"Ba ya shiga nan."

"Mama, ina buƙatar hannu biyu, ni kuma kamar yadda kike gani ba ni da ko ɗaya a ɗakin nan."

Anwar bai jira izini ba. Ya ɗaga labule ya shigo kansa a sunkuye, ya durƙusa a gaban gado. Kwana tara rabon da ya ga matarsa kusa haka. Da ya ɗago ya dube ta, Na'ima ta gane cewa fuskar da ya tarar ba ita ya sani ba.

Likitar ta sa shi ya danna babban yatsansa a ƙaurin Na'ima, ya ƙirga biyar, ya ɗaga. Wurin ya lotsa kamar an danna tuwo, ya ƙi tasowa. Dukansu suka zuba wa ramin ido.

"Akwai mai na'urar awon jini kusa da ku?"

Akwai. Maƙwabciyarsu Liyatu, wadda kowa ke kira Maman Hope, tana da ita saboda hawan jinin mijinta. Anwar ya fita da gudu ba takalmi. Kafin ya dawo, ƙamshin ganyen darbejiya ya cika ɗakin daga tsakar gida, inda tukunyar wankan yamma ke tafasa a kan murhu.

Maman Hope ta shigo tana goge hannu a zaninta. "Amarya, yaya ne? Kai, wannan fuska ba naka ba ne." Ta ɗaura mata abin awon a damtse. Na'urar ta yi gurnani tana matsewa, sannan ta saki. Maman Hope ta karanta, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Da aka gama ta juya fuskar na'urar ga wayar.

"Ɗari da saba'in da biyu, bisa ɗari da sha huɗu," likitar ta karanta. Ta cire tabarau. "Na'ima, zan sake tambayarki, kuma wannan karon ki manta da kowa a ɗakin. Kina ganin wani abu a idonki?"

Hawaye suka zubo wa Na'ima. "Tun safe. Kamar wuta-wuta. Nan ma yana min ciwo." Ta dafa haƙarƙarinta.

"Tun safe?" Anwar ya faɗa cikin wata murya ƙarama. "Na'ima, ina bayan labulen nan tun safe."

"Ku saurare ni da kyau," in ji likitar. "Aikina ya ƙare a nan. Ƙuraje, mura, tambaya a kan magani, waɗannan ku kira ni ko sau goma ne. Wannan ba na waya ba ne. Hawan jini ne na bayan haihuwa, kuma ya kai inda zai iya jawo jijjiga kowane lokaci. Tana buƙatar allura ta jijiya, da gwajin jini da na fitsari, da nas a kanta. Ku tafi asibitin da ke karɓar haihuwa yanzu, ba gobe ba, ba bayan magariba ba. A mota ko keke, kada ta hau babur."

"Ki dai faɗi maganin a sayo," in ji Gwaggo. Dariyar ta bar fuskarta. "Ruwa ya tafasa. In ta yi wanka ta yi zufa, duk zai sauka."

"Kada a sa mata ruwan zafi. Kada a ƙara ba ta kunun kanwa. Idan ta fara jijjiga a hanya, ku kwantar da ita ta gefe, kada ku sa mata cokali ko wani abu a ba..."

Hoton ya daskare, bakin likitar a buɗe. Sannan ya ɗauke. Anwar ya danna, ya sake dannawa, ya ɗaga wayar sama wajen taga. Sabis ya tafi. Mutumin da ya gyara wayoyin rabin unguwa ya tsaya yana kallon tasa kamar bai taɓa ganinta ba.

Murfin tukunya yana ta ƙara daga waje. Jaririyar ta motsa cikin zaninta ta koma barci.

Cokali. Kalmar ta mayar da Na'ima baya. Tana 'yar shekara bakwai, a Kagara, ta leƙa ta tsakanin ƙafafun manya ta ga mahaifiyarta a ƙasa tana karkarwa, wata tsohuwa tana tura mata cokali a baki. Kwana goma sha ɗaya da haihuwar ƙaninta. Washegari aka ce Inna ta tafi. Duk shekarun nan ba ta taɓa sanin abin yana da suna ba.

"Gwaggo, don girman Allah," Anwar ya ce, yana durƙushe. "Kin ji abin da ta faɗa."

"Na ji. Ita a cikin waya take, ni a gabana aka yi." Gwaggo ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafa katakon da hannu biyu. "Uwar Na'ima ma da lafiyarta ƙalau. Ta saɓa magana ta fita kafin arba'in, iska ta buge ta a hanya, ta dawo ta faɗi a tsakar gida. Ni na riƙe kanta har ta cika. Na yi wa yayana alkawari ba za a maimaita ba. Yanzu kuma ka ce in buɗe ƙofa da hannuna?"

Maman Hope ta ce a hankali, "Mama, ba iska ba ne. Ni na gani a kan mijina."

"Mijinki ya taɓa haihuwa?"

Anwar ya juyo ya dubi matarsa. Tana ganin yadda yake tsakanin kunyar suruka da tsoron rasa ta, idonsa ya yi ja, ya kasa ture tsohuwa daga ƙofa, ya kasa zama. Tausayinsa ya kama ta, tausayin Gwaggo ma ya kama ta, amma tsoro ya fi su duka ƙarfi. Yatsun hannunta na hagu sun fara wani ɗan motsi da ba ita ta sa su ba. Ta danne su da ɗaya hannun. Ta dubi 'yarta, kwana tara a duniya, wadda ko leƙe ta tsakanin ƙafafun manya ba za ta iya tunawa ba.

"Gwaggo," ta ce. "Ranar da Inna ta fita, me ta fita nema?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ki faɗa min. Ban taɓa tambaya ba."

Gwaggo ta kawar da kai. Ta kalli ƙasa. "Gidan mai magani ta je."

"Maganin me?"

Da Gwaggo ta amsa, da ƙyar aka ji ta.

"Kanta ke ciwo. Kwana uku tana fama, ba ta faɗa ba." Ta ɗago a hankali ta dubi kumatun Na'ima, ta dubi zoben da ya nutse cikin yatsa. "Ita ma ta yi ƙiba. Har muna yabawa."

Hannunta ɗaya ya zame daga jikin ƙofar, amma ba ta matsa ba. Tana tsaye tana girgiza kai, bakinta yana motsi da addu'a, kamar wadda ba ta san ta inda za ta fara yarda ba.

Na'ima ta dafa gado ta yunƙura. Ɗakin ya juya mata, tartsatsin suka ƙaru har ta daina ganin gefen fuskar Anwar. Ya tare ta da kafaɗarsa a gaban Gwaggo. Na'ima ba ta taɓa ɗaga murya a gaban babba ba tun da take, kuma yanzu ma ba ta ɗaga ba. Ta dai faɗa yadda kowa zai ji.

"Maman Hope, ki taimaka ki tsayar mana da keke. Yaya Anwar, ɗauko min hijabina. Gwaggo, ki yafe min, ki goya yarinyar ki biyo mu. Asibiti za ni, yanzu."