Kusurwar Kawu Mai Fenti

Da Baba ya rasu, Yaya Babba aka ɗora wa kayan. Sunanta ya rubuta a wasiyya cewa ita za ta tsaya a kan rabon abin da ya bari. Ma'aikaciyar jinya ce. In ta tashi daga aiki sai ta bi ofisoshi da takardar shaidar mutuwa a jaka, har gefen takardar ya fara yagewa.

Gidan bai ba ta wahala ba. Shagon kafintan Baba ne ya tsaya mata a wuya. A kusurwarsa akwai wani tsoho da suke kira Kawu Mai Fenti, abokin Baba tun suna samari. Baba ya ƙera, shi ya shafa fenti. Ba ya biyan haya, haka kawai suka tsufa tare.

Lauya ya ce mata, "Ranki ya daɗe, sunansa ba ya cikin wasiyya. In magada ba su yarda ba, shago sai an sayar."

"Amma Baba ya sha faɗa cewa nan Kawu zai zauna har ƙarshen ransa."

"Ya faɗa, amma bai rubuta ba."

Ta kira ƙannenta biyu a waya. Auta ya ce, "Yaya, an kusa koro min yara daga makaranta. Ni ma abin tausayin ne." Ƙanwarta kuwa ta ce, "Duk yadda kuka yi, ni dai a gama." Ba ta ga laifin kowa ba, abin da ya ƙara gajiyar da ita ke nan.

Da ta je shagon, ta tarar Kawu yana wanke burushinsa yana jerawa a tsohon gwangwani.

"'Yata, kada ki wahalar da kanki," in ji shi. "Na ga mai saye ya zo yana auna bango."

Ta zauna a kan wata kujera da Baba bai ƙarasa ba, ta cire takalmi. "Ina za ka, Kawu?"

"Wajen ɗan ƙanena. Akwai ɗaki kusa da injin wuta." Ya yi dariya. "Da ma kunnuwan sun riga ni yin ritaya."

Washegari ta ce wa lauya a ba ta shagon a matsayin kasonta, ta bar wa ƙannenta gidan. Ya tuna mata cewa rufin shagon yana yoyo, kuma ita ce da asara. Ta ce ta sani, ya nuna mata inda za ta sa hannu.

Kawu ya ci gaba da zama a kusurwarsa. Sai dai babu mai ƙera abin da zai shafa, dole ta nemo wani kafinta ta ba shi hayar rabin shagon. Ba sa jituwa ko kaɗan. Kafintan yana son rediyo da ƙarfi, Kawu kuma ya ce ƙurar katako tana ɓata masa fenti. Duk lokacin da suka yi faɗa, ita suke kira, ko tana tsakiyar aiki. Takan dubi wayar ta yi ajiyar zuciya, sannan ta ɗauka.