Bencin Abota

Ranar da malamar aji ta gama yabon Maren, sai da Corinne Halvorsen ta zauna cikin mota ta sha kukanta kafin ta iya tayar da inji. Kukan daɗi ne, kuma duk wanda ya san yarinyar ba zai ga laifin uwar ba.

Maren 'yar shekara bakwai ce, ita kaɗai Allah ya ba Corinne. Tun tana ƙarama take gudun mutane. In baƙo ya shigo sai ta shige bayan uwarta, ta kama hannun rigarta tana tauna har ya jiƙe sharkaf. Ko hannun uwar ba ta riƙewa duka, ɗan ƙaramin yatsa kawai take damƙewa kamar za ta karya shi. Babban tsoron Corinne a duniya shi ne 'yarta ta girma ba ta da kowa.

A filin makarantarsu akwai wani benci mai launin rawaya, bencin abota. Kowane yaro ya san dokarsa. In ba ka da abokin wasa lokacin hutun tara sai ka zauna a kai, wanda ya gan ka ya zo ya ce, "Za ka yi wasa da ni?" Kai kuma dole ka ce to, ka tashi. Ana komawa makaranta, bayan an gama yankan alkama, Maren ta zo da labarin wata yarinya da ke zama a kai kullum, ba mai zuwa wurinta.

"To ke ki je mana," in ji Corinne.

"Ba zan iya faɗa ba, Mama. Maganar maƙalewa take."

"Ba sai kin ce komai ba. Ki je ki zauna kusa da ita kawai."

Shawara ce irin ta uwa mai son sauƙaƙa wa 'yarta, kuma ta yi aiki fiye da yadda Corinne ta zata. Washegari Maren ta dawo gida ta yar da safar hannunta ja guda ɗaya, amma ta dawo da baki. Ta gai da maƙwabciya, ta tambayi lafiyar karenta. Kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka, gayyatar bikin ranar haihuwa sai shigowa take daga gidajen da Corinne ba ta ma sani ba.

"Misis Halvorsen, ban taɓa ganin irin wannan ba," in ji malamar a ranar ganawa da iyaye. "Tana jiran layinta, tana raba faɗa, tana kallon mutum cikin ido. Ko me kike yi a gida, don Allah ki ci gaba."

Corinne kuwa ta ci gaba. Ta zama direban yara, daga filin wasan hoki zuwa gidan wance, tana gasa biskit kamar mai shago. Mahaifinta, tsoho Arvid, shi kaɗai ne bai shiga murnar ba. Wata Lahadi da suka je gona, Maren ta miƙa masa hannu ta tambaye shi ya gwiwa.

"Ke 'yar majalisa, ina kika kai min jikata?" ya ce yana dariya. "Tawa sai na leƙa ƙarƙashin tebur nake samunta."

Kowa ya yi dariya, har da Maren, dariya daidai gwargwado. Amma maganar ta zauna wa Corinne a ƙirji. A hanyar komawa mota yarinyar ta riƙe mata hannu duka, tafi cikin tafi, sai Corinne ta tuna rabon da a kama mata ɗan yatsa tun lokacin girbi. Ta duba hannun rigar yarinyar, a bushe yake tas. Ta gaya wa kanta cewa girma ne.

Wata Asabar da safe tana soya fanke ta tuna da yarinyar benci, kunya ta kama ta don ba ta taɓa tambaya ba.

"Ita kuwa ƙawar nan taki ta benci? Ki gayyato ta gida mana."

"Tana can," in ji yarinyar, tana zuba zuma a hankali don kada ta ɗiga a tebur. "Ba ta iya magana ba. Hannun rigarta take ta taunawa."

Corinne ta ajiye cokalin. "Ya sunanta?"

"Kin san sunanta, Mama. Ke kika sa mata."

Fanken ya fara ƙonewa, ba wanda ya kula.

"Ba ta tambaye ni ba," yarinyar ta ci gaba, da muryar mai bayyana dokar wasa ga baƙo. "Zama kawai ta yi. Ni kuma na daɗe ina jira, na ga yadda duk yara ke yi, na koya. Da ta zauna sai na tashi da kamanninta. Da aka kaɗa ƙararrawa kika zo da mota, kika buɗe min ƙofa."

Rana na tsaka suka isa makarantar. Babu kowa, lilo yana motsi kaɗan cikin iska. Dusar ƙanƙara ta rufe bencin daga wannan gefe zuwa wancan, ban da wuri ɗaya a ƙarshensa, daidai faɗin zaman yaro, inda rawayan fenti ke bayyane. A kan katakon, kusa da wurin, ga safar hannu ja.

Yarinyar ta ja hannun Corinne suka tsaya.

"Mama, kar ki tambaye ta. In kin tambaya dole ta ce to." Ta ɗago kai ta kalle ta cikin ido, yadda malamar ke yabo. "Ni ban taɓa sa ki barin biki da wuri ba. Ban taɓa ba ki kunya gaban mutane ba. Ke ma kin fi jin daɗin zama da ni."

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona wa Corinne rai. Ta ji daɗin watannin nan. Ta ji daɗin yabon, da wayar da ke ƙara, da iyayen da ke tsayar da ita a kanti suna neman shawara. Duk wannan lokacin 'yarta na zaune cikin sanyi, tana jiran maganar da uwarta ta ce ba sai an faɗa ba.

Corinne ta zare hannunta. Ta je ta durƙusa gaban wurin da babu kowa, gwiwoyinta suka nutse cikin dusar. Sai a lokacin ta san abin da Maren ke nufi da maƙalewar magana. Ta tilasta wa kanta.

"Maren, za ki yi wasa da ni?"

Sai wasu yatsu masu sanyi kamar ƙarfe suka kama ɗan ƙaramin yatsanta suka damƙe. Hannun riga jiƙaƙƙe ya goga mata wuyan hannu, ga Maren a gabanta, leɓunanta sun tsage, kanta a sunkuye.

Corinne ta cusa ta cikin rigar sanyinta ta miƙe. A bayanta ta ji katakon benci ya yi ƙara, irin ta zaman yaro.

"Na gode da kika karɓe ni, Misis Halvorsen," in ji muryar ɗaya yarinyar, cikin ladabi. "Na ji daɗi ƙwarai a gidanku."

Corinne ba ta waiwaya ba. Sun kusa mota Maren ta ja yatsanta, ta yi magana ƙasa-ƙasa daga cikin rigar.

"Mama, yanzu ita wa zai tambaye ta?"