Rigar da Za a Yaga

Biljana na zaune a banɗaki tana nishi, surukarta Milunka ta sake ƙwanƙwasa ƙofa.

"'Yata, a ciki za ki haihu?"

"Ko bayan gida ban haifa ba, Mama. Yau kwana biyar."

"Yunƙura! Mu a zamaninmu..."

Zamaninsu kuwa ba ya ƙarewa. Cikin Biljana wata takwas. Maganin ƙarin jini ya ɗaure mata ciki tamau, basir ya leƙo. A haihuwar fari ta ƙaru har baya, ɗinki kan ɗinki, ta shekara ba ta iya riƙe tusa. Ungozoma ta ce kada ta yunƙura, ta zo yau ƙarfe goma likita ya duba tsohon tabon, a san ko za ta haihu da kanta ko sai an yi mata aiki.

Ta fito ta tarar da mijinta Rade ya shimfiɗa riguna biyu a kan gado, ya tsaya a kansu kamar alƙali. A garinsu Valjevo, ranar da aka yi wa mutum haihuwa abokansa kan yayyaga masa riga a jiki, kowa ya tafi da ƙyalle. Tsumman rigar haihuwar fari na nan a ninke a durowar Milunka, da ƙanshin turare. Tabon Biljana kuwa ba wanda ya taɓa tambayarsa.

"Biljo, wacce? Farar sabuwa ce, ina jin ciwon a ɓata ta. Shuɗiyar kuma abokaina su Zoran za su ce na yi rowa."

"Tara da rabi, Rade."

"Asibiti ba gudu zai yi ba. Kin san wancan karon har fatar kafaɗata suka karce?"

"Kwana uku yana fama, bawan Allah," in ji Milunka daga kicin.

Biljana ta ɗauki farar. Ta kama wuyanta da hannu biyu ta tsarge ta har ƙasa, maɓallai suka watse ƙarƙashin gado. Ta zaro allura da zare daga gwangwanin ɗinki ta danƙa masa.

"Ɗinke. In ka gama ka zauna a kai wata shida."

Rade ya dubi rigar, ya dubi matarsa, ya lalubo makullin mota. Sai da suka wuce gada ya yi gyaran murya.

"Wai ɗinki nawa aka yi miki?"

Yarinyar da ta haifa a wancan karon, yanzu shekararta huɗu.